Littafi Uku Aka Shirya, Ɗaya Aka Karanta: Tarihin Tsayar Da Carnivàle

A daren Lahadi 27 ga watan Maris na 2005, tashar talabijin ta HBO da ke Amurka ta nuna kashi na 24 na wani wasan kwaikwayo mai suna Carnivàle, wanda masu kallo da harshen Faransanci suka sani da La Caravane de l'étrange. An rufe kashin da hoton wata gonar masara. Wani mai wa'azi yana kwance cikinta, an soke shi a ƙirji, wata budurwa ta durƙusa ta ɗora masa hannuwa, nan take masarar da ke kewaye da su ta soma bushewa tana zubewa layi bayan layi. Can a kan hanya kuma jerin motocin ƴan wasa ne ke ficewa daga garin, ɗauke da saurayin da ya yi sukar, shi ma bai san inda kansa yake ba. Duk wanda ya kalli wannan ya san tsakiyar labari ce. Bayan mako shida da ƴan kwanaki, cikin watan Mayu, tashar ta ba da sanarwa cewa wasan ya ƙare ke nan.

An gina labarin ne a kan wani zamani na gaskiya cikin tarihin Amurka. A 1929 kasuwar hannun jari ta durƙushe, bankuna suka rufe, miliyoyin mutane suka rasa aikin yi. A kan wannan masifa sai fari ya faɗa wa filayen noma na tsakiyar ƙasar, musamman jihohin Okalahoma da Tekzas da Kansas da Kolorado. Shekara da shekaru manoma suna tuge ciyawar da ke riƙe ƙasa domin shuka alkama, saboda haka da ruwa ya ɗauke sai iska ta kwashe fatar gonakin ta yi sama da ita. Mafi shaharar waɗannan guguwoyi ita ce ta ranar Lahadi 14 ga Afrilun 1935, wadda ta mai da rana dare. Wanda ya taɓa ganin jar ƙura ta taso daga gabas kafin ruwan farko ta rufe gari ya san kamannin abin, sai dai a can ba ruwan da ke biyo baya. Dubban iyalai suka ɗaura ƴan komatsansu bisa tsofaffin motoci suka nufi Kalifoniya cin rani, da yawansu ba su sake komawa gida ba.

Cikin wannan ƙura ne, a 1934, wasan ya buɗe da wani saurayi mai suna Ben Hawkins, wanda ya tsere daga gidan kaso ya tarar da mahaifiyarsa tana kan gargara. Ta ƙi yarda ya taɓa ta, domin tana tsoron abin da ke hannunsa. Yana cikin haƙa mata kabari, ga katafila tana jiran rushe gidan saboda bashin banki, sai ga ayarin ƴan wasa masu yawo gari-gari. Irin wannan ayari yana da kama da gardawa masu wasa da kura da maciji, amma ya fi su girma nesa ba kusa ba: manyan motoci, tantuna, babban lilo mai kewayawa, mace mai gemu, makaho mai karanta abin da ke zukata, mai duba da karta, da wani wada mai suna Samson wanda ke tafiyar da komi da sunan wani Maigida da ba a ganin fuskarsa, ana jin muryarsa kawai daga bayan labule. Suka taya Ben jana'iza, suka tafi da shi. Baiwarsa ita ce warkarwa, har da ta da matacce, amma bisa sharaɗi mai nauyi: duk ran da ya bayar, daga wani wuri yake ɗauko shi. A kashin farko ya miƙar da ƙafafun wata yarinya gurguwa, shukar da ke gefen hanya ta ƙone ƙurmus. Wannan ƙa'ida ita ce ƙashin bayan labarin, kuma tana daga cikin mafi kyawun dabarun da aka taɓa sakawa a wasan almara na talabijin, domin ta hana abin al'ajabi ya zama kyauta.

A ɗaya gefen ƙasar, a Kalifoniya, akwai Justin Crowe, limamin wata majami'a, wanda yake zaune da yayarsa Iris. Ya fara da niyyar taimakon baƙin haure da ƙura ta koro, sannan a hankali ya gano yana iya tilasta wa mutum ganin zunubinsa ƙuru-ƙuru, yana iya juya zukatan jama'a da murya. Ya kama wa'azi a gidan rediyo, mabiyansa suka yi ta ƙaruwa. Wannan ma yana da tushe a tarihi, domin a shekarun 1930 wani limamin Katolika mai suna Charles Coughlin ya tara miliyoyin masu saurare ta rediyo yana cakuɗa addini da siyasar ƙiyayya. Ben da Justin ba su san juna ba, amma mafarki ɗaya suke yi. A tsarin labarin, kowane zamani ana haihuwar halitta ta haske da halitta ta duhu, kuma dole su gamu.

Mutumin da ya ƙago duk wannan, Daniel Knauf, ba ɗan gidan talabijin ba ne. Dillalin inshorar lafiya ne a Kalifoniya, wanda aikin ya gundure shi. Tsakanin 1990 da 1992 ya rubuta labarin a matsayin fim na sinima, ya kai shafi 180, tsawon da ba mai saye. Ya ajiye, daga baya ya mai da shi kashin farko na wasan talabijin, ya sa wani yanki a shafinsa na intanet. Ta nan rubutun ya isa hannun wani mai shirya finafinai, Howard Klein, shi kuma ya kai shi HBO. Abin da Knauf ya tsara shi ne littafi uku, kowane littafi zango biyu na wasa: na farko 1934 da 1935, na biyu 1939 da 1940, na uku 1944 da 1945. Za a rufe da gwajin bam ɗin ƙare-dangi na farko, wanda aka yi ranar 16 ga Yulin 1945 a hamadar Niyu Meziko kusa da Alamogordo. Manufarsa ita ce wannan fashewa ta zama ƙarshen zamanin sihiri da farkon zamanin da ɗan Adam ya dogara da kimiyyarsa. Zango shida ke nan, shekara shida ko fiye na aiki.

HBO ta karɓa ne a lokacin da take ganin ba abin da ya fi ƙarfinta. The Sopranos, wanda ya fara a 1999, ya mai da ita sarauniyar tashoshi, Sex and the City da Six Feet Under suna biye. Amma shugabanninta, Chris Albrecht da Carolyn Strauss, sun san waɗannan wasanni sun kusa tsufa, ana bukatar magaji. Ba su amince Knauf ya riƙe ragama shi kaɗai ba saboda ƙarancin gogewarsa, sai aka ɗora masa Ronald D. Moore, wanda ya yi suna a rubutun Star Trek. An ɗauki kashin farko cikin kwana 21 ƙarƙashin jagorancin Rodrigo García, ɗan marubucin nan na Kolombiya Gabriel García Márquez. Daga nan aka shiga muhawara tsakanin marubuta da tasha kan inda labarin zai dosa, har aka yi wata 14 kafin a ɗauki kashi na biyu. Tun daga nan mai lura zai ga cewa mai kaya da mai saye ba su gama fahimtar juna ba.

Kafin a zo ga lissafi, ya kamata a san yadda HBO ke samun kuɗi. Manyan tashoshin Amurka kamar ABC da CBS suna rayuwa ne da talla: yawan masu kallo, yawan kuɗin da ƴan kasuwa ke biya. HBO ba ta sa talla a tsakiyar shirinta. Magidanci ne ke biyan kuɗin wata domin a buɗe masa tashar. Wannan ya ba ta ƴancin nuna abin da sauran ba za su iya ba, ya kuma ba ta haƙurin da ba su da shi. To amma haƙurin yana da iyaka. Kowane wasa dole ya yi ɗayan biyu: ko ya jawo sababbin masu biya, ko ya zama abin da mutane ke hira a kansa a wurin aiki ranar Litinin, yadda wanda ba ya da tashar zai ji an bar shi a baya. Wasan da bai yi ko ɗaya ba, sai ya kasance mai araha kafin a bar shi ya rayu.

Carnivàle kuwa ba shi da araha ko kaɗan. Kowane kashi yana cin kimanin dalar Amurka miliyan 4, wato sama da miliyar 2 na kuɗin sefa a canjin wancan lokaci, domin awa guda ta kallo. Dalilin tsadar yana cikin jikin labarin. Mafi yawan wasannin talabijin ana gina musu ɗakuna ne sau ɗaya cikin rumfar ɗaukar hoto, ofis ko falo ko ɗakin asibiti, a yi ta amfani da su shekara da shekaru, kuɗin ginin yana narkewa a hankali. Ayarin ƴan wasa kuwa sana'arsa tafiya ce. Dole a kwance tantuna da lilo da rumfuna, a loda su, a kai su wani fili a kudancin Kalifoniya, a sake kafawa, domin mai kallo ya yarda an bar Okalahoma an shiga Tekzas. Dole a samo motocin shekarun 1930 masu tafiya da ƙafarsu. Dole a tara ɗaruruwan mutane su zama ƴan kallo a filin wasa ko masu sauraron wa'azi, kowanne a ɗinka masa tufafin zamanin, a tsufar da tufafin, a shafa musu datti. An ƙiyasta mutum 5,000 aka tufatar a zango na farko kaɗai. Ita kanta ƙurar da injina ake busa ta. Ga manyan ƴan wasa kusan ashirin da ake biya, ga aikin kwamfuta na mafarkai da wahayi, ga fagen Yaƙin Duniya na Ɗaya da ake komawa cikinsa a mafarkin Ben. Bugu da ƙari, labari biyu ne ake ɗauka a wurare biyu, kamar ana shirya wasanni biyu da sunan ɗaya.

Da farko kamar kwalliya za ta biya kuɗin sabulu. Ranar 14 ga Satumban 2003 mutum miliyan 5.3 suka kalli kashin farko, adadin da ba wani sabon wasan HBO da ya taɓa samu a daren buɗewa kafin nan. Sai dai an nuna shi ne daf da bayan Sex and the City, saboda haka da yawa daga cikin waɗannan mutane baƙi ne da suka tarar da ƙofa a buɗe. Mako na biyu adadin ya sauko zuwa kusan miliyan 3.5, ya tsaya a nan har aka rufe zangon ranar 30 ga Nuwamba. Wannan ba abin kunya ba ne ga tashar da ake biya. A 2004 wasan ya ci lambobin yabo na Emmy guda 5, na ɗaukar hoto, da tsarin fage, da tufafi, da gyaran gashi, da hoton buɗe shiri. Abin lura a nan shi ne dukkansu na kyawun gani ne, wato na ainihin ɓangarorin da ke cinye kuɗin. Ba ko ɗaya na rubutu ko na ɗan wasa.

Masu sharhi a jaridu sun yaba kyawun hoton, amma ƙorafinsu ɗaya ne, kuma suna da gaskiya: tafiyar hawainiya. Kashi 12 suka wuce Ben da Justin ba su haɗu ba sai a mafarki. Ana ambaton wani Henry Scudder da kowa ke tsoron sunansa, ana nuna zobe mai alamar wata tsohuwar ƙungiyar mayaƙan Kirista, ana nuna mutum mai zanen itace a ƙirji yana gudu cikin masara, ba a ce ga ma'anar ko ɗaya ba. Ben kansa yaro ne mai gudun baiwarsa, mai ƙarancin magana, wanda ya share zango guda yana ƙin amsa kiran da labarin ke yi masa. Akwai kasusuwan da ba a mantawa, musamman biyun da suka faru a Babylon, garin masu haƙar ma'adinai inda matattu ba su barin gari, inda aka kashe ɗaya daga cikin ƴan matan ayarin. Amma mai ba da tatsuniya ya san cewa in ya ja wa yara rai da yawa barci zai kwashe su. Knauf yana rubutu ne kamar mai littafin da ya tabbata za a karanta shi har bango, alhali a talabijin kowane mako sai an sake roƙon mai kallo ya dawo. A nan laifin ba na tasha ba ne.

Na tasha shi ne jinkiri. Tsakanin ƙarshen zango na farko da farkon na biyu an yi wata 13 da ƴan kwanaki. Ga labari mai sarƙaƙiya irin wannan, wanda kowace alama ke rataye da wata, wannan tazara kisa ce. A lokacin ba a fara kallon wasanni ta intanet yadda aka ga dama ba. Netflix bai soma wannan hidima ba sai 2007, kuma faifan DVD na zango na farko bai fito ba sai Disamban 2004, wata guda kafin dawowar wasan. Wanda ya manta ya manta, wanda bai fara ba kuma ba ya da hanyar kamo ayari. Cikin wannan tazara Moore ya tafi ya shirya Battlestar Galactica, Knauf ya karɓi ragama. Kasuwar ma ta canza. A kakar 2004 tashar ABC ta fito da Desperate Housewives, wanda ya mamaye daren Lahadi, da kuma Lost, wanda shi ma labarin asirai ne amma yana jefa wa mai kallo abin mamaki kowane mako. Da Carnivàle ya dawo ranar 9 ga Janairun 2005, mutum miliyan 1.8 ne suka tarye shi.

Abin takaici, zango na biyu ya gyara mafi yawan abin da aka yi kuka da shi. Tun a kashin farko Maigidan ayarin ya bayyana wa Ben aikin da ke gabansa. Aka ba Justin wani ɗan ta'adda da ya fito daga kurkuku yana farautar Scudder, mahaifin Ben, labarin ya zama tsere tsakanin mutum biyu zuwa wuri guda. Aka bayyana cewa Maigida wani tsohon sojan Rasha ne kuma shi ya haifi Justin, cewa Sofie mai duba da karta ɗiyar Justin ce. Masu kallo suka ɗan ƙaru zuwa ƙarshe, kashi na 24 ya samu miliyan 2.4. Amma matsakaicin zangon miliyan 1.7 ne, rabin na zangon farko, kuɗin kuwa suna nan yadda suke.

Sanarwar watan Mayu ta zo da lafazi mai taushi. Carolyn Strauss ta nuna cewa a ganin tashar labarin ya kai wata gaɓa da ta dace a tsaya. Ba wanda ya ga masarar nan tana bushewa da zai yarda da haka. Masoya wasan suka yi ca, har Albrecht da kansa ya faɗa wa ƴan jarida cewa saƙonnin imel sama da 50,000 suka shigo cikin hutun ƙarshen mako guda. Shi ne kuma ya faɗi zancen da ya fi kusa da gaskiya: da masu shirin sun iya sauko da kuɗin kowane kashi zuwa dala miliyan 2, da tashar ta sake tunani. A takarda lissafin daidai yake, masu kallo sun ragu da rabi, kuɗi ma su ragu da rabi. A fili kuwa ba ya yiwuwa. Rabin kuɗi na nufin ayarin ya daina tafiya, a sallami rabin ƴan wasa, a rufe kowa cikin ɗaki. Abin da zai saura ba Carnivàle ba ne. Balle ma littafi na biyu zai shiga 1939 ne, shekarar ɓarkewar Yaƙin Duniya na Biyu, abin da ke nufin sababbin tufafi da sababbin motoci da fage mafi faɗi.

Abin da ya biyo baya ya nuna cewa matsalar ta wuce wasa guda. Deadwood, labarin wani garin masu neman zinariya a shekarun 1870, wanda masu sharhi suka fi girmamawa, an tsayar da shi a 2006 bayan zango uku, shi ma ba tare da rufewa ba. Rome, wanda HBO ta haɗa gwiwa da BBC aka gina masa tsohon birnin Rum a Italiya, an yanke shi a zango biyu a 2007, marubucinsa ya cusa tarihin shekaru masu yawa cikin ƴan kasusuwan ƙarshe. Cikin shekara uku tashar ta kwance wasanninta uku masu tsada na zamanin da. A daidai wannan lokaci The Wire, wanda bai taɓa tara jama'a mai yawa ba, ya samu zango biyar daga 2002 zuwa 2008. Shi a titunan Baltimore na zamaninsa ake ɗaukarsa, ba a gina masa gari, ba a ɗinka wa dubban mutane rigunan kakanninsu.

Kwatancin da ya fi ciwo shi ne na Game of Thrones. Da HBO ta buɗe shi a Afrilun 2011, mutum miliyan 2.2 ne suka kalli kashin farko a nunin farko, ƙasa da waɗanda suka kalli kashin ƙarshe na Carnivàle, kuma kowane kashi ya ci kusan dala miliyan 6. Kwana biyu bayan haka aka ba shi zango na biyu, ya ci gaba har zango takwas. Bambancin a bayyane yake. Yana da littattafan George R. R. Martin a bayansa da masu karatu da suka riga suka san labarin yana da inda ya dosa. Adadin masu kallonsa hawa yake yi, na Carnivàle kuwa sauka. Kuma kafin 2011 tashar ta koyi ƙidaya waɗanda ke kallo daga baya, ta maimaici da na'urar naɗa da intanet, ba na daren Lahadi kaɗai ba. Wasan Knauf, wanda aka gina domin a kalle shi a jere kamar yadda ake karanta littafi, an auna shi da mudun dare guda.

Bayan tsayarwar an yi maganar rufe labarin da fim na awa uku, Knauf ya ƙi, domin a ganinsa ba a matse zango huɗu cikin awa uku. Ya so ci gaba ta hanyar littafin zane, amma haƙƙin mallakar labarin da mutanen cikinsa yana hannun HBO, ba a hannunsa ba, maganar ta mutu a nan. Deadwood ya samu fim ɗinsa na rufewa a 2019. Carnivàle bai samu ba. Abin da ya rage shi ne bayanan da Knauf ya yi ta ba masoya wasan a shekarun baya, inda ya faɗi cewa Jonesy, shugaban leburorin ayarin da Sofie ta harba a kashin ƙarshe, bai mutu ba, kuma zango na uku zai buɗe ne bayan wasu shekaru, a 1939. Ita kuwa fashewar Alamogordo, wadda aka shirya ta zama rufin littafi na uku, masu kallo sun hange ta ne kawai a farkon zango na biyu, cikin wani wahayi na ɗan lokaci da aka nuna wa Ben a tsakiyar hamada, shekara goma kafin ranar da labarin ya yi niyyar kai shi can.